Idan Burodi Bai Karɓe Ki Ba, Kada Ki Tsaya Ga Barinsa Kaɗai

Yau ina so in yi magana ne a kan abin da yawancinmu muke karya kumallo da shi, watau burodi da sauran abincin fulawa, da kuma wata magana da nakan ji a bakin mata a gidan suna ko gidan biki, inda za ki ji mace ta ce, "Ni dai burodi ba ya karɓata." Da ta faɗi haka sai a yi dariya, wata ta ce iyayi ne, wata ta ce to ki bar shi mana, shi ke nan a wuce wurin. Ni kuwa ina ganin mai dariyar da mai cewa a bar shi duk sun yi gaggawa, kuma zan gaya muku dalilina.

Ina da wata yaya, 'yar wan babana, wadda ke aure a wani ƙauye wajen Malumfashi. Mace ce mai kazar-kazar tun muna yara, ita ce mai daka, ita ce mai ɗebo ruwa, ba ta san zama ba. Bayan haihuwarta ta biyu sai ta canza. Idan ta sha shayi da burodi da safe, kafin hantsi cikinta ya kumbura ya yi tamtsan, wani lokaci da zawo, wani lokaci kuma ta yi kwana uku ba ta zaga ba. Ga kasala wadda barci ba ya kawar da ita. Ana tsakiyar bazara, kowa na neman inuwa, ita tana lulluɓe da zane tana jin sanyi. Gashinta ya riƙa zuba a wurin kitso, fatarta ta bushe, sa'an nan ta yi ɓari sau biyu a jere. Sau uku ana ba ta maganin taifot a wani kantin magani ba tare da an auna jininta ba. Aka ce shawara ce, aka jiƙa mata saiwoyi. Aka ce iska ce, aka yi turare. Uwar mijinta kuwa ta yanke hukunci tun da wuri, ta ce lalaci ne kawai, har maganar ƙarin aure ta fara tashi a gidan.

Ita da kanta ta lura cewa ranar da ta sha koko da ƙosai cikinta lafiya lau, ranar burodi ko taliya kuwa sai ta wuni a kwance. Sai ta daina cin su. Cikin mako biyu kumburin ciki ya tafi, kowa ya ce alhamdu lillahi ta warke. To, a nan ne aka yi kuskuren da ya sa na ɗauki alƙalami. Cikin ya lafa, amma kasala da jin sanyi da zubar gashi suna nan, har wuyanta ya fara tasowa kaɗan. Sai da aka ƙara shekara guda cur kafin aka kai ta babban asibiti a Zariya, aka ɗebi jininta, likita ya ce wata 'yar tsoka da ke gaban maƙogwaro, wadda suke kira tayirod, ita ce ta gaza aiki, kuma garkuwar jikinta ce da kanta take cinye ta. Shekara guda ta wahala a banza, don an ɗauka tun da ciki ya kwanta magana ta ƙare.

Kafin in yi bayanin wannan ciwo, bari mu duba yadda alkama ta mamaye mana kwano. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, tun kaka da kakanni ana noma ta kaɗan-kaɗan a fadama da rani, ana yin alkaki da finkaso da taliyar hannu da gurasa. Amma abincin sarauta ne da na biki da na salla, ba a cinta kullum. Mu nan ƙasar Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur da Ɗanja, dawa da gero muka gada, sa'an nan masara ta bunƙasa bayan da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, aka kawo takin zamani da iri. A waɗannan shekaru ne kuma kuɗin man fetur ya sa jiragen ruwa suka riƙa sauke alkamar Amurka a Ikko, gidajen burodi suka yawaita, mai shayi ya kafa tebur a kowace tasha. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama, aka ce a noma ta a Kadawa da Bakalori da sauran wuraren noman rani. Innata takan ba mu labarin yadda burodi ya yi tsada a lokacin har ya zama tsarabar mai zuwa birni. Bayan 'yan shekaru aka janye hanin, kuma har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Nijeriya daga waje ake sayo ta. Yanzu ki ƙirga da kanki: burodi da safe, Indomie ga yara, makaroni ko taliya da rana, tuwon Semovita da dare, ga fanke da cincin da biskit a tsakani. Ko ɗanwake ma yanzu fulawa ta fi yawa a cikinsa. Yarinyar da aka haifa a tsakiyar gonakin masara takan ci alkama sau huɗu a yini, abin da kakarta ba ta ci ba a wata guda.

Duk macen da ta taɓa kwaɓa fulawa ta san danƙon nan da ke sa ƙullun ya yi ta miƙewa ba ya tsinkewa, wanda garin dawa ko na masara ba su da shi. Wannan danƙo shi likitoci ke kira gulutin, yana cikin alkama da sha'ir. Ga yawancin mutane abinci ne kamar kowane abinci, ba ya yi musu komai, don haka kada wata ta karanta wannan ta je ta hana 'ya'yanta burodi alhali lafiyarsu ƙalau. Amma akwai waɗanda yake cutarwa, kuma sun kasu.

Kashi na farko su ne masu ciwon da ake kira siliyak. Don ki gane shi sai kin gane abin da ake nufi da garkuwar jiki. Allah ya sanya wa jikin ɗan'adam wasu dakaru a cikin jini, aikinsu su gane baƙon ƙwayar cuta su kashe ta. To, wani lokaci waɗannan dakaru sukan ruɗe, su kasa bambanta ɗan gida da ɓarawo, su juyo kan jikin da suke gadi. Idan suka auka wa gaɓoɓi sai a sami ciwon gaɓɓai mai kumbura 'yan yatsu da sandarewa da safe. Idan suka auka wa tsokar da ke sarrafa sukari sai a sami ciwon sukari irin na yara, mai bukatar allura kullum. Idan fata da ƙoda da gaɓoɓi suka haɗa sai a kira shi lufus. Idan kuwa tsokar maƙogwaro ce, shi ne ciwon yayata, wanda wani likitan Japan mai suna Hashimoto ya fara bayyanawa a 1912, har ake kiran ciwon da sunansa. Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne, a cikin kowane mutum biyar masu irin waɗannan cututtuka wajen huɗu mata ne, a lufus ma mace tara ce ga namiji ɗaya, kuma sun fi kama mace a shekarun haihuwa. Sa'an nan wadda ke da guda ɗaya ta fi saurin samun na biyu, domin sukan bi juna, sukan kuma bi jini a dangi.

Shi siliyak yana cikin wannan dangi. Da mai shi ya ci danƙon alkama sai dakarun nan su auka wa bangon hanji. Cikin hanji akwai wasu 'yan tsirai ƙanana birjik kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci su kai cikin jini. Ciwon yakan share su ya bar hanji sumul, sai mutum ya yi ta ci ba ya ƙiba, jini ya yi ƙaranci, yaro ya tsumbure, mace ta yi ta ɓari. Wani likitan yara a ƙasar Holan mai suna Dicke shi ya tabbatar da laifin alkama. Lokacin yaƙin Hitila, a hunturun 1944 zuwa 1945, yunwa ta auka wa ƙasarsu burodi ya ɓace, sai ya ga yaran da ke fama da wannan ciwo sun sami sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo musu. An ƙiyasta cewa wajen mutum ɗaya cikin 100 a duniya na da shi. Da can ana cewa ciwon Turawa ne. Amma a 1999 likitocin Italiya suka auna yaran mutanen Yammacin Sahara da ke zaune a sansanonin gudun hijira a ƙasar Aljeriya, suka tarar fiye da yara 5 cikin 100 na da shi, adadin da ya ninka na Turai sau biyar. Mutane ne a nahiyarmu waɗanda burodin alkama ya zama babban abincinsu.

Kashi na biyu, wanda shi ne ainihin maganata, su ne waɗanda an auna su ba su da siliyak, hanjinsu bai lalace ba, amma duk da haka in sun ci alkama sai ciki ya kumbura ya yi ciwo, kai ya yi nauyi, jiki ya mutu, in sun bari kuma su ji garau. Wannan ba shi da awon jini nasa na kansa. Yadda likita ke gane shi shi ne ya fara kore siliyak, sa'an nan a janye alkama na wajen mako shida, a sake dawo da ita a ga abin da zai faru. Saboda rashin awo ne ya sa aka daɗe ana yi wa masu shi kallon masu raki, har a asibitocin Turai. To, a 2015 wasu likitoci a birnin Palermo na ƙasar Italiya, ƙarƙashin wani mai suna Carroccio, suka bi takardun irin waɗannan marasa lafiya su 131, mafi yawansu mata. Sai suka tarar 29 cikin 100 suna da wata cuta daga cikin cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, kuma wadda ta fi yawa ita ce ta tsokar maƙogwaro. Da suka duba masu rikicin hanji na yau da kullum, wanda bai shafi alkama ba, 4 kacal suka samu cikin 100. Da na karanta wannan sai yayata ta faɗo mini a rai, domin labarinta ke nan daga farko har ƙarshe.

Amma fa a yi hattara, kada a ɗora wa binciken nan abin da bai faɗa ba. Ya nuna abubuwan biyu sukan zo tare a jikin mutum ɗaya, bai ce alkama ce ta haifar da ciwon maƙogwaro ba, bai kuma ce barin alkama zai warkar da shi ba. Ina jaddada wannan ne saboda masu tallar magani a wayar hannu, waɗanda za su ce miki ki daina fulawa ki sayi garinsu, wai zai warkar da sanyin ƙashi da ciwon sukari da rashin haihuwa gaba ɗaya. Yayata ta bar alkama shekara guda, tsokar wuyanta kuwa ta ci gaba da lalacewa, abin da ya tashe ta shi ne 'yar ƙwaya guda da take haɗiya kowace safiya kafin ta ci komai. Mai ciwon sukari da ta bar allurarta don ta daina cin burodi tana wasa da ranta ne.

Har ila yau, su kansu likitoci ba su gama daidaitawa a kan ko danƙon ne mai laifi ba. A 2018 aka buga wani gwaji da aka yi a ƙasar Norway da mutum 59 waɗanda kowannensu ya rantse danƙon alkama ne ke damunsa. Aka riƙa ba su wani abinci iri uku mai kama ɗaya, ba su san wanne ne wanne ba. Mutum 13 ne kawai suka fi jin jiki da mai danƙon. Mutum 24 sun fi wahala da wanda aka sa wa wani nau'in sukari da ake kira furuktan, sa'an nan 22 suka fi kuka da wanda ba a sa masa komai ba. Shi wannan furuktan yana cikin alkama, amma yana kuma cikin albasa da tafarnuwa, waɗanda ba ma miya sai da su. Ni kuma zan ƙara da abin da kowa ya sani, burodi ba ya tafiya shi kaɗai, da shayi mai madara yake zuwa, kuma manya da yawa a cikinmu cikinsu ba ya ɗaukar madara ko da yake nono mai tsami ba ya damunsu. Ga tsutsar ciki, ga gyambon ciki, ga ruwan sha marar tsabta. Saboda haka ba kowane kumburin ciki ne za a rataya wa alkama ba.

Wata za ta ce, Malama, mu da muke fama da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da tamowa, ina mu ina cutar masu kuɗi? Wannan tunani yana da asali. A 1968 wani likita Bature mai suna Greenwood, wanda daga baya ya yi shekaru yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya rubuta cewa a asibitin Ibadan ba a cika ganin irin waɗannan cututtuka kamar yadda ake ganinsu a Ingila ba, har ya yi zaton yawan zazzaɓin sauro ne ke shagaltar da garkuwar jikinmu. Amma daga baya da aka sami likitocin gaɓoɓi 'yan ƙasa, musamman a Ikko, sai suka riƙa ganin mata masu lufus da ciwon gaɓɓai suna zuwa musu, da yawa bayan sun shekara suna shan maganin taifot da na sanyi. Ni a ganina matar ƙauye da ba a taɓa auna jininta ba, ba za ta shiga lissafin kowa ba. Haka kuma tun da aka fara sa sinadarin aidin a gishiri a farkon shekarun 1990, maƙoƙo ya ragu ƙwarai a ƙasar nan. Don haka idan yau mace tana cin gishirin leda mai aidin amma wuyanta na tasowa, bai kamata a ce maƙoƙon gado ne a ƙyale ta ba.

To, ke uwargida da kika ga alamar kanki a cikin wannan bayani, ga shawarata. Ki sami ɗan littafi irin na 'yan makaranta, in ba ki rubutu ki sa 'yarki ta rubuta miki, ko da ajami ne. Kullum a rubuta abin da kika ci da yadda kika ji, har mako biyu ko uku. Sa'an nan ki tafi asibiti da littafin, kuma ki tafi kina kan cin alkamar. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin awon jinin siliyak ba ya nuna gaskiya idan mutum ya riga ya daina cinta, sai a ce ba ki da shi alhali kina da shi. Bambancin kuwa babba ne. Mai siliyak ba ta da alkama har iyakar rayuwarta, ko ɗan gutsure, ita kuwa ɗayar sau da yawa ragewa ma yakan ishe ta. In kin shiga wurin likita kada ki tsaya ga maganar ciki. Kunya ce ke cutarmu a nan, mace ta ce "cikina ne" ta yi shiru. Ki faɗa masa kasalar, da jin sanyin, da zubar gashin, da rikicewar al'ada, da ɓarin da kika yi, da ciwon yatsu in akwai, ki kuma gaya masa in akwai mai maƙoƙo ko ciwon sukari tun yarinta a danginku. Ki roƙa a duba yawan jininki da tsokar maƙogwaro. In asibitin garinku ba su da kayan awon, ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Shika ko na Katsina. Na san akwai kuɗin mota da na awo, amma ki haɗa abin da aka kashe a kantin magani da wurin masu turare ki gani.

In kuwa an ce ki bar alkama, to kada ki damu, mu Allah ya hutar da mu. Abin da matan Turai ke saye da tsada a kwali, shi ne cike da rumbunanmu da kasuwar Dandume. Tuwon dawa, tuwon masara, tuwon shinkafa, fura, kunu, koko, dambu, faten tsaki, acca, ƙosai, alale, doya, dankali, rogo, babu mai danƙon alkama a cikinsu. Abin lura kawai shi ne abincin saye, domin wasu masu waina da ɗanwake sukan ƙara fulawa, sai ki tambaya. Mai siliyak kuma ta kula da injin niƙa, in an niƙa alkama kafin nata to garinta ya gauraya, gara ta bari a niƙa wani hatsin tukuna ko ta koma ga turmi.

Ku kuma 'yan makaranta, musamman na kwana, inda burodi da shayi suke zuwa a jadawalin abinci ba zaɓi, idan kin lura kullum bayan karin kumallo cikinki na murɗawa, kina gyangyaɗi a aji, ko kin ga tsararrakinki duk sun fara al'ada sun yi tsawo ke kina nan a tsumbure da fararen idanu, ki gaya wa malamar da ke kula da ɗakin kwananku, ki gaya wa innarki in kin je hutu. Amma ban yarda yarinya ta ƙaurace wa abinci da kanta don ta ji ana cewa barin fulawa na sa siranta ba. Jikin da ke girma yana bukatar abinci, kuma yunwa ba ta bari karatu ya zauna. Mu malamai ma sai mu rage saurin ɗaga bulala ga yarinyar da ke barci a aji kafin mu tambaye ta lafiyarta.

Na san masu gida da yawa su ke fara karanta wannan jarida kafin ta iso hannunmu, to su ma ina roƙonsu, su da iyayenmu surukai. Idan macen da kuka sani da himma ta koma kwance, a kai ta a auna kafin a sa mata suna. Makon jiya na je Malumfashi na tarar da yayata a tsakar gida tana surfen masara, ga ciki wata bakwai, likita ya ƙara mata yawan ƙwayar saboda cikin, kuma duk bayan 'yan makonni takan koma a ɗebi jini. Da aka kawo mini shayi da burodi ita koko ta dama, uwar mijin ce ma ta miƙo mata ƙosai.

Wassalam, sai wani makon in Allah ya kai mu.

Taku,
Malamar makaranta, Funtuwa.